Bin sawun takardun Greenwood daga Zariya

9 ga Fabrairu, 2025

Yau na buɗe jadawalin da na daɗe ina cewa zan buɗe. Aikin shi ne in tattara takardun binciken da Farfesa Brian Greenwood ya wallafa, musamman na shekaru goman da ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1970 zuwa 1980, in ga su wa suka ambace su a bayansa, sau nawa, kuma a kan me. Idan Allah ya nufa na kammala, zan fitar da ɗan littafi da Hausa domin ɗaliban makarantun kiwon lafiya. Yaran nan suna haddace alamomin sanƙarau daga littattafan waje, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wani kaso na ilimin a kan gadajen tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada aka samo shi.

Mutumin ɗan Ingila ne, an haife shi a 1938. Ya fara aiki a asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, ya koma gida ya ƙaro ilimin garkuwar jiki, sannan ya zo Zariya. A 1980 ya wuce Gambiya, ya shugabanci cibiyar bincike ta MRC, wato hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, shekara 15, daga nan sai babbar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan. A 2008 Japan ta ba shi kyautar Hideyo Noguchi tare da Miriam Were ta Kenya, su ne na farko da suka karɓe ta.

Ina da nawa dalilin na gida. Yayana ya kwanta sanƙarau a annobar 1996, ya tashi, amma bai sake jin magana ba har yau. Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa sun rubuta cewa a shekarar an lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu. Tun ina yaro nake son sanin abin da likitoci suka sani kafin wannan shekara, da inda suka ajiye shi.

16 ga Fabrairu

Mako guda cur ya tafi a kan suna. A PubMed, rumbun intanet na takardun binciken lafiya, tsofaffin takardun suna ƙarƙashin "Greenwood BM", na baya-bayan nan da yawa "Greenwood B" kawai, kuma ba shi kaɗai ne mai wannan suna a duniyar bincike ba. Ga kuma "Greenwood AM", wato Dakta Alice Greenwood, wadda sunanta ke zuwa kusa da nasa a takardun Gambiya. Lambar ORCID da ake bai wa kowane mai bincike don raba irin wannan gardama sai 2012 aka fara ta, ba ta da amfani ga takardar 1973. Dole na riƙa buɗe kowace ɗaya ina duba adireshin marubuta da sunayen abokan aiki. Idan na ga Whittle, ko Bryceson, ko Warrell, ko Hassan-King, ko Wali, na san ina Zariya.

Na raba jadawalin gida uku: Ibadan, Zariya, sai Gambiya da Landan a haɗe. Wata matsala ta biyo baya nan take. Akwai aikin da aka yi a nan amma bai fito ba sai bayan ya bar ƙasar da shekara huɗu ko biyar. Na yanke cewa inda aka ɗebi jini nan ne gidan takarda, ko wace shekara aka buga ta.

27 ga Fabrairu

Ɗiyar kawuna da ke digiri na biyu ta same ni a gaban kwamfuta. Ta ce, "Yaya, duk wannan wahalar ta mece ce? Ka duba h ɗinsa mana, a wuce wurin. Mu ma da shi ake auna malamanmu."

Na ce ta jawo kujera. Wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da ma'aunin a 2005. Idan an ce h ɗin mutum 20 ne, yana da takardu 20 da kowace aka ambata aƙalla sau 20. Lissafi ne mai sauƙi, shi ya sa kwamitocin ƙarin girma suka rungume shi. Sai na ɗauki takarda ɗaya na nuna mata ita a Google Scholar, na kuma nuna mata adadin da wata abokiyar aiki ta turo mini daga Scopus, wani rumbun ƙirga ambato. Alƙaluman ba su zo ɗaya ba, kuma ratar ba ƙarama ba ce. Google Scholar yana kwashe komai, har kundin digiri da rahoton ƙungiyoyi, wani lokaci ya ƙirga abu ɗaya sau biyu. Scopus da Web of Science kuwa mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa, kuma mujallun Afirka da yawa ba sa ciki. Scopus ma da aka fara shi a 2004, lissafin ambatonsa daga 1996 ya tashi, daga baya ne aka faɗaɗa shi zuwa 1970.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To wanne ne gaskiya?" Na ce kowanne ya faɗi abin da ya gani a gonarsa. Na ware wa kowane rumbu layinsa a jadawalin, tare da ranar da na duba, domin adadin yana motsi kowane mako.

14 ga Maris

Azumi ya rage mini gudu, bayan sahur nake samun awa guda.

Na gama gidan Ibadan, kuma takarda ɗaya ta tsaya mini a rai. A 1968 ya rubuta a mujallar Lancet cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita, irin amosanin gaɓoɓi mai lanƙwasa yatsu, ba su da yawa a cikin majinyatan da ake kwantarwa a Ibadan, ya kuma yi hasashen cewa yawan kamuwa da maleriya da sauran ƙwayoyi tun yarinta yana da hannu a ciki. A 1970 shi da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature cewa ɓerayen da ke gadon irin wannan cuta, idan aka sa musu ƙwayar maleriya, cutar tana lafawa. Da na jera masu ambaton bisa shekara, sai na ga masu nazarin asma da ciwon suga na yara a Turai da Amurka suna dawowa gare su bayan shekaru da dama, lokacin da ake muhawara a kan ko tsafta mai yawa ce ke hana garkuwar yara koyon aikinta. Ma'aunin tasirin mujalla da ake ta yayatawa shekara biyu kacal yake dubawa bayan an buga takarda. Ba yadda za a yi ya hango wannan dawowar.

Na shiga Zariya da takardar 1972: yaran da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, idan aka yi musu allurar rigakafin tetanus, jikinsu ba ya amsawa yadda ya kamata. A 1978 shi da Williamson suka ƙara da cewa allurar sanƙarau ma haka ne, har bayan wata guda da warkewar zazzaɓin amsar ba ta gama dawowa ba. Waɗannan biyun har gobe ana ambatonsu. Tambaya suka buɗe wadda ba a gama amsa ta ba, shi ya sa duk mai shiga fagen sai ya gaishe su kafin ya wuce.

6 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Zafi ya kai inda ya kai, dare ma iska kamar daga bakin murhu. Lokacin sanƙarau ke nan, kuma a cikinsa na karanta takardun sanƙarau, ba da niyya ba.

Ta farko ta 1971 ce, a kan hanyar gane cutar da sauri. A da sai an ɗebi ruwan laka daga bayan majinyaci, a shuka shi, a jira kwana ɗaya ko biyu ƙwayar ta tsiro, kuma idan an riga an ba shi magani a gida ba lallai ta tsiro ba. Su kuwa sai su zuba wani abu mai kama da daskararren kamu a kan gilashi, su huda ramuka biyu suna fuskantar juna, ɗaya a ɗiga ruwan lakar, ɗaya a ɗiga ruwan jinin da ke ɗauke da garkuwar cutar, a saki lantarki. Idan ƙwayar tana nan, ko da gawarta ce, wani farin layi siriri zai bayyana a tsakani tun majinyacin bai gama zama a gado ba. Yau ba mai yin haka, an samu hanyoyin da suka fi ta, don haka ambatonta ya tsaya. Amma shekaru da dama ita ce ido a ɗakunan gwaji.

Sai jerin takardun da suka biyo bayan annobar Zariya ta 1977, waɗanda suka fito a mujallar Transactions ta ƙungiyar likitocin ƙasashe masu zafi da ke Landan. A cikin na 1979 akwai guda biyu a kan magani da allura ɗaya tak, ta farko da fenisilin mai jinkirin narkewa, ta biyu da kuloramfenikol da aka kwaɓa da mai. A ta biyun sunan farko S. S. Wali ne. Sai mutum ya tuna yadda annoba take kafin ya gane nauyin wannan aiki. Majinyata a ƙasa, a baranda, a ƙarƙashin bishiya, ma'aikaci ɗaya ga mutane barkatai. Maganin da ke buƙatar allura ta jijiya kowace awa huɗu ko shida ba zai yiwu a ƙaramin asibitin ƙauye ba. Allura ɗaya a tsoka, mai kauri, wadda za ta riƙa sakin magani a hankali, ita ce abin da hannu biyu za su iya. Likitocin Faransa sun riga sun gwada ta a ƙasashen rainon Faransa, suka rubuta da Faransanci. A 1991 Pécoul da abokansa suka buga babban gwaji daga Mali da Nijar, a 2005 kuma wani gwajin daga Nijar ya nuna cewa seftiriyazon yana yin aikin da take yi. Tsakanin nan ita ce maganin annoba a faɗin yankin.

Ambaton takardar Wali bai kama ƙafar na manyan takardun Gambiya ba. Na zauna ina kallon layin nata na tsawon lokaci. Dalilin a fili yake. Idan abu ya shiga littafin jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya, mai rubutu jagorar zai ambata. Ma'aikacin da ya yi allurar a Gumel ko Tasawa kuwa ba ya rubuta maƙala, ba ya cikin lissafin kowa. Robert Merton, masanin zamantakewa, ya daɗe da bayyana wannan: ilimin da kowa ya karɓa yakan haɗiye sunan mai shi. Takardun Faransancin sun fi shan wannan kaye, domin rumbunan ƙirga sun fi karkata ga Ingilishi. Ko aikin Lapeyssonnie na 1963, wanda ya zana iyakar yankin sanƙarau na Afirka, da Faransanci ne, kuma ina zargin da yawa cikin masu ambatonsa daga jerin wani suka kwafo shi.

Da yamma na je gidan Yaya. Na rubuta masa a takarda abin da nake karantawa, kamar yadda muka saba hira. Ya karanta, ya karɓi biro ya rubuta: "Allura ɗaya aka yi mini a cinya. Ta yi zafi ƙwarai." Ya nuna mini wurin da yatsa. Na ce masa da hannu na gane.

20 ga Afrilu

Ba ci gaba sosai. Wuta kwana huɗu babu, batirin kwamfuta ya gaji. Takardu da yawa na shekarun 1970 kuma a kulle suke, sai an biya kuɗin da ya fi cefanen mako a kan kowace ɗaya. Wannan yana ci mini rai: jinin yaran Zariya da Malumfashi ne a ciki, amma jikokinsu ba za su karanta ba sai da dala. Tsarin Hinari, da aka fara a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ya buɗe mini wasu. Sauran wani dattijon ma'aikacin ɗakin karatu ya ce in zo ranar Asabar mu duba ɗaurarrun mujallu.

11 ga Mayu

Mun duba. Dattijon ya hau tsani ya sauko da kundin Lancet na 1984, ya kaɗe ƙurar da gefen hannun rigarsa, ya ce, "Ɗana, rabon da wani ya tambayi wannan tun kafin a kawo kwamfuta ɗakin nan." Takardar ta yi ruwan ƙasa, tana ƙamshin tsohon akwati. A ciki na sami wadda nake nema, a kan sanƙarau da yanayi. Abin da suka nuna shi ne ƙwayar tana yawo a maƙogwaron mutane har da damina, amma a hasashensu sai iska ta bushe, ƙurar hunturu da zafin bazara sun raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sannan take samun ƙofar shiga jini. Da ruwa ya sauka annoba ta mutu. Kakata takan ce ruwan farko ne ke wanke sanƙarau. Ga shi su ma abin da suka gani ke nan, suka ƙara da dalili. Wannan takarda tana da masu ambato na daban, masu nazarin yanayi da hotunan tauraron ɗan Adam, waɗanda ke son hango annoba daga ƙura da laima.

Na leƙa gida na uku don in sami abin kwatantawa. Nan ne manyan alƙaluma suke. Takardar 1991 a kan gidan sauro mai magani, wadda Pedro Alonso ke sunan farko, ta nuna mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ta ragu da kashi 63 cikin 100 a ƙauyukan Gambiya da aka gwada. Ta 2005 a kan allurar limoniya, mai sunan Felicity Cutts a gaba, ta nuna raguwar mutuwar yara da kashi 16 cikin 100. Ta 2014 daga Cadi, mai sunan Daugla a gaba, ta nuna sanƙarau ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar rigakafin MenAfriVac idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Waɗannan sun cancanci kowane ambato da suka samu. Tare da su a sama akwai maƙalolin bita, irin ta 2005 a Lancet da ta taƙaita ilimin maleriya gaba ɗaya. Su ba sabon gwaji ba ne, amma duk mai buɗe takardarsa da cewa maleriya na kashe yara yana buƙatar abin jingina, sai ya jingina da su.

Abin da na lura da shi a nan shi ne wurin zaman suna. A Zariya sunansa yakan zo farko. Daga Gambiya zuwa gaba yana yawan komawa ƙarshe, wurin da a al'adar binciken lafiya ake ajiye wa babban da ya jagoranci aiki, matasa kuma su hau gaba. Ma'aunin h bai san wannan ba, na farko da na tsakiya da na ƙarshe duk ladan ɗaya yake rubuta musu. Mai karatu kuwa akasin haka yake yi, sunan farko kawai yake riƙewa. Salon ambato da mujallun lafiya da yawa ke bi yana jera shida ne ya ce "da sauransu". Rumbun MEDLINE kansa daga 1984 zuwa 1995 suna goma yake ɗauka ya yanke. A cikin "da sauransu" ɗin nan ne 'yan ƙasa suka fi yawa. Masu fassara da ma'aikatan jinya da direbobi kuwa sai a layin godiya, idan an tuna da su.

8 ga Yuni

Barka da Sallah ga mai karanta wannan. Na ƙara layi biyu a jadawalin. Ɗaya na cikakkun sunayen marubuta, har da na layin godiya inda na samu takardar a hannu. Ɗayan na sa masa suna "ina ta je", inda nake rubuta da hannuna ko binciken ya shiga jagorar magani, ko ya haifi wani gwaji, ko an bar shi. Wannan layin ba na'urar da za ta cika mini shi, sai na karanta. Zai ninka lokacin aikin, na kuma yarda.

Shi ne ya nuna mini zaren da adadi ya ɓoye. A Malumfashi, lokacin tana cikin jihar Kaduna, an riƙa bai wa ƙananan yara kulorokwin a kai a kai don a ga ko za a tare zazzaɓi tun bai zo ba, sakamakon ya fito a jere a 1985. A Gambiya aka sake gwadawa da maganin Maloprim ta hannun ma'aikatan lafiya na ƙauye, aka buga a 1988. Tunanin ya yi sanyi na wani lokaci saboda tsoron kada ƙwayar ta saba da magani. A 2006 Badara Cissé da abokansa, har da Greenwood, suka buga gwajin Niakhar ta Senegal, inda magani sau ɗaya a wata a lokacin damina ya rage zazzaɓi da kashi 86 cikin 100. A Maris 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel. Masu rubutu a kan tsarin yau sun fi ambaton 2006 da 2012. Malumfashi sai jefi-jefi. A ganina babi na farko na littafin daga can ya kamata ya tashi.

13 ga Yuli

Da safe aka yi sallama a ƙofar gida, mata biyu da jakar magani da kati. Suka tambayi yaran da ba su kai biyar ba. Aka fito da autarmu tana murza ido. Ɗaya ta narka ƙwayoyi biyu a cokali da ɗan ruwa, ta ce, "Maman yarinya, riƙe mata kai kaɗan." Ta shanye, ta ɓata fuska. Suka jira su ga ko za ta amayar, suka bar wa uwarta ƙwayoyi biyu na gobe da jibi, suka cike katin, suka yi alama da alli a jikin bango, suka ce sai wata mai zuwa.

Na tambayi babbar ko ta san inda aka fara gwada irin wannan. Ta ce, "Wallahi Malam, horo aka ba mu kwana biyu, aka ce mu fito." Na ce mata har da Malumfashi a cikin tarihin. Ta ce mahaifiyarta 'yar can ce, ta nemi in ba ta littafin idan ya fito. Na rubuta a bayan katin yarinyar don kada in manta.

Gidan Zariya ya kusa cika. Saura takardun ciwon barci da na ƙyanda, da waɗanda suka fito a mujallun cikin gida da babu su a intanet. Dattijon ya ce akwai wasu kwalaye a ɗakin ajiya da aka daɗe ba a buɗe ba, zai nemo mabuɗin kafin Asabar.